Ɓarawon Babur Ba Ya Sata Sai Ya San Akwai Mai Saye

A unguwannin birnin Kano, daga Ɗorayi zuwa Kurna, daga Sheka zuwa Rimin Kebe, da wuya a sami majalisar da ba ta da labarin wanda aka ɗauke wa babur. Wani a ƙofar masallaci aka ɗauke nasa tsakanin kabbarar harama da sallama, wani a wurin ɗaurin aure, wani a bakin asibiti ya shiga duba mara lafiya, wani kuma a cikin soron gidansa da tsakar dare, aka ɓalle kwaɗo aka gungura shi har bakin titi ba tare da an tayar da inji ba. Abin da ke biyo baya kusan iri ɗaya ne a ko'ina. A yi salati, a yi jaje, a ce Allah ya mayar da alheri, matasa su yi rantsuwa cewa duk ranar da ɓarawon ya shigo hannu sai ya gane kurensa, sannan kowa ya kama gabansa. Ba a jimawa sai a ji an ɗauke na wani a layin baya.

Ra'ayina shi ne mun daɗe muna kama wannan matsala ta inda ba ta da magani. Fushinmu da ƙarfinmu duk sun ƙare a kan yaron da ya sa hannu ya ɗauka, alhali a cikin duk masu cin abinci da wannan sana'a shi ne mafi ƙarancin rabo, kuma shi ne wanda in an kama shi yau, gobe za a sami wani a madadinsa. Babur abu ne mai nauyin kilo ɗari ko kusa da haka, mai lamba a jikin ƙarfensa da jikin injinsa, ba ya shiga aljihu, ba ya ɓoyuwa a ƙarƙashin gado, kuma kowane dare da ya kwana a hannun ɓarawo haɗari ne gare shi. Saboda haka ɓarawon babur ba ya fita aiki sai ya san inda zai kai kaya, ya san wanda zai ƙirga masa kuɗi kafin gari ya waye. Wannan mai ƙirga kuɗin shi ne ba ma magana a kansa, kuma shi ne ya kamata mu fara bi.

Kafin a kai nan, yana da kyau a tuna girman abin da ake asara. Tun watan Janairun 2013, lokacin da gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta hana sana'ar acaɓa a cikin birni bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, babur a Kano ya fi zama abin hawan mai shi. Malamin firamare ne da makarantarsa ke wajen gari, da tela mai kai ɗinki, da mai gyaran wuta rataye da jakar kayan aiki, da ƙaramin ɗan kasuwa mai ɗauko kaya daga Kantin Kwari ko Singa, da magidancin da ke kai yara makarantar boko da safe, islamiyya da yamma. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira da ta biyo baya, mutane da yawa sun jingine motocinsu sun koma babur, a daidai lokacin da kuɗin sabon Bajaj Boxer ya haura naira miliyan ɗaya. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024 naira dubu 70 ne. Ke nan ƙaramin ma'aikacin da aka ɗauke wa babur, ko da zai ajiye albashinsa gaba ɗaya bai ci ba bai sha ba, sai ya fi shekara kafin ya mayar da shi. Da yawa kuma da adashi suka saya, ko da bashin da ake cirewa daga albashi, sai mutum ya wayi gari yana biyan kuɗin abin da wani ke hawa.

Tsadar nan ita ce kuma ta ƙara wa satar riba. Idan sabo ya gagari talaka, sai ya koma neman na hannu, idan na hannun ma ya yi tsada, sai kunnensa ya buɗe ga wanda zai raɗa masa cewa akwai wani mai kyau a rabin kuɗi, amma fa babu takarda. Haka kayan gyara: tunda daga waje ake shigo da su, kuɗinsu ya bi dala, don haka inji ko tanki ko kafireto ko ƙafa da aka kwance daga wani babur suna da masu nema tun kafin a kwance su.

Babur ɗin da aka sace a birni yakan bi ɗaya daga cikin hanyoyi kaɗan. Ana iya fitar da shi ɗungurungum zuwa ƙauye ko wata jiha ko tsallaken iyaka, inda babu mai tambayar rasit kuma babu wanda zai gane shi. Ana iya kai shi wani kango a kwance shi cikin 'yan sa'o'i, a raba kayan a shaguna, gangar jikin da ke ɗauke da lamba kuma a daddatsa ta a sayar wa masu awon ƙarfe. Hanya ta uku ita ce mai tayar da hankali. Kowa ya san 'yan bindigar da suka addabi Zamfara da Katsina da Sakkwato da Kaduna a kan babura suke kai hari, har sukan sa babur a cikin kuɗin fansa, kuma babu wanda ya taɓa ganin ɗayansu ya shigo gari ya yanki rasit da sunansa. A ƙarshen watan Agustan 2021, da gwamnatin Aminu Bello Masari ta fitar da dokar matakan tsaro a jihar Katsina, cikin abubuwan da ta hana har da sayar da babura na hannu a kasuwar Charanchi. Gwamnati ba ta ce duk mai ciniki a can ɓarawo ne ba, amma ta gane cewa kasuwar da ba a tambayar asalin kaya ƙofa ce a buɗe ga kowa. Ban ce duk babur ɗin da ya ɓace a Kano daji ya nufa ba. Abin da nake cewa shi ne mai sayen babur ba takarda ba shi da ikon zaɓar irin cinikin da kuɗinsa ke rayawa.

Doka ta daɗe da fahimtar wannan fiye da yadda mu muka fahimta. A kundin dokokin hukunta laifuka na Arewa, wanda aka fi sani da Final Kod, sashe na 287 ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara biyar ga wanda ya yi sata, sashe na 317 kuwa ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara goma sha huɗu ga wanda ya karɓi kayan sata yana sane, ko yana da dalilin da zai sa ya san na sata ne. Waɗanda suka rubuta dokar sun ɗora wa mai karɓa kusan ninki uku na abin da suka ɗora wa mai ɗauka. A fiƙihun Malikiyya da muke karantawa a zaurukanmu ma maganar a fili take: sata ba ta fitar da kaya daga mallakar mai su, don haka duk inda mai babur ya ga abinsa ya kuma kawo shaida, zai karɓe shi ba tare da ya biya ko sisi ba, wanda ya saya sai dai ya bi wanda ya sayar masa. Amma a zaman yau da kullum mun juya wannan hukunci. Yaron da ya ɗauka sunansa ɓarawo har ya mutu, mutumin da ya saya a rabin kuɗi kuwa sai a ce ya yi sa'a, ya iya ciniki, ya samu a sama. Yana sahun gaba a masallaci, ana gaishe shi da girmamawa, kuma shi kansa bai ɗauki kansa mai laifi ba, domin a ganinsa kuɗinsa ya sa. Hausawa sun ce abokin ɓarawo ɓarawo ne, sai dai mun taƙaita karin maganar ga abokin yawo, mun cire abokin ciniki.

Abin mamaki shi ne muna da tsohon tsarin da ya magance irin wannan matsala a wata kasuwar. A kasuwannin dabbobi irin na Wudil da Dambatta da Maigatari, al'adar da aka gada ita ce baƙo ba ya shigo da saniya ya sayar kai tsaye. Sai ya bi ta hannun dillali ko mai masauƙin da ya san shi, wanda in daga baya aka gano dabbar ta sata ce, shi za a fara riƙewa. La'adar da dillali ke karɓa ba kuɗin haɗa mai saye da mai sayarwa kaɗai ba ce, har da kuɗin tsayawa. Tsarin bai hana satar shanu ba, kuma ya yi rauni a wurare da yawa, amma tunanin da ke ƙarƙashinsa daidai ne: kaya mai tsada da ke iya tafiya ba a cinikinsa sai da wanda zai amsa tambaya. Babur ɗin da kuɗinsa ya kai na sa, me zai sa a sayar da shi a bakin titi da musafaha kawai?

Don haka abin da nake ganin ya fi komai amfani shi ne littafi. Kowace ƙungiyar dillalan babura ta ajiye rajistar da ba za a yi cinikin na hannu ba sai an shigar da shi a ciki: lambar gangar jiki, lambar inji, sunan mai sayarwa, lambar wayarsa, lambar katinsa na ɗan ƙasa, hotonsa tsaye kusa da babur ɗin, da sunan wanda ya tsaya masa. Wannan ba ya buƙatar kwamfuta ko kwangila, littafi ne mai bango da wayar da ke ɗaukar hoto, kuma duka biyun suna nan a kowace rumfa. Ƙungiyoyin kanikawa su ɗauki irin wannan ƙa'ida: ba a kwance babur ɗungurungum, ba a sauya inji ko gangar jiki, sai mai shi ya nuna shaida an rubuta. Masu sayen tsohon ƙarfe kuma kada su karɓi gangar jikin babur da aka datsa sai da takardar shugaban kanikawa. A Abuja, a watan Janairun 2025, hukumar birnin ta rufe kasuwannin panteka, inda ake cinikin tsofaffin ƙarafa da kayan hannu, na ɗan lokaci don a tantance masu sana'ar, bayan sace-sacen murafen magudanan ruwa na kan titi sun yi yawa. Ba na goyon bayan rufe kasuwa, domin masu halal ne ke fara jin yunwa, amma ya kamata shugabannin waɗannan sana'o'i a Kano su lura cewa sana'ar da ba ta tsabtace kanta ba, wata rana hukuma ce za ta zo ta yi mata da ƙarfi, kuma hukuma ba ta bambance mai gaskiya da maras gaskiya idan ta fusata.

A ɗaya ɓangaren kuma a sami jerin lambobin baburan da aka sace, wanda kowa zai iya dubawa. Wanda aka ɗauke wa babur ya kai rahoto ofishin 'yan sanda, ya kai wa mai unguwa, lambobin su shiga zauren WhatsApp da ya haɗa masu unguwanni da shugabannin dillalai da na kanikawa da 'yan sintiri, a cikin sa'a guda. Sa'o'in farko su ne komai, domin bayansu babur ya bar gari ko ya zama tarin kayan gyara, duk abin da aka yi daga nan ihu ne bayan hari.

Na san abin da za a ce, kuma maganar tana da ƙarfi. Dubban babura na halal a Kano ba su da takarda. Babur ya bi hannu uku ko huɗu, rasit ɗin farko ya ɓace a ƙaura ko ruwa ya ci shi, mai shi na yanzu ya saya a gaban shaidu amma ba a rubuta komai ba. Idan aka wayi gari aka ce duk babur maras takarda abin zargi ne, talaka mai gaskiya za a kama, kuma sabuwar hanyar karɓar na goro a kan titi za a buɗe. Mun ga irin wannan. A watan Yulin 2024 rundunar 'yan sandan Nijeriya ta sanar da cewa za ta fara tilasta rajistar ababen hawa ta intanet a ƙarƙashin tsarinta na e-CMR, sai kuma Sufeto Janar ya dakatar da tilastawar bayan jama'a da lauyoyi sun yi ca, saboda mutane sun kalli abin a matsayin wani sabon haraji a kan waɗanda suka riga suka biya kuɗin lamba da takardu. Manufar tana da kyau, wato a sami wuri guda da za a duba ko abin hawa na sata ne, amma da zarar mutane suka ji ƙamshin kuɗi sai suka daina sauraron manufa.

Abin da za a koya daga nan shi ne a tsayar da binciken a wurin ciniki, kada a kai shi kan titi. Mai hawa babur ɗinsa zuwa aiki ba shi ne matsalar ba, wanda ya zo sayarwa ko kwancewa shi ne zai amsa tambaya. Masu babura na halal marasa takarda kuma a ba su wa'adi, kowa ya je wurin mai unguwarsa da shaidu biyu da suka san shi da babur ɗin, a duba lambobin a cikin jerin na sata, in babu su a ba shi takardar shaida mai hatimin dagaci, kyauta ko da kuɗin takarda kawai. Za a kuma ce ɓarayi suna goge lamba su buga wata. Gaskiya ne, amma lambar da aka goge aka sake bugawa ba ta ɓoyuwa ga bakaniken da ya san aikinsa, kuma babur mai gogaggiyar lamba shi kansa ya isa dalilin ƙin saye. Ba a neman satar ta gagara gaba ɗaya, abin da ake nema shi ne kuɗin da ɓarawo ke samu ya ragu, wahalar sayarwa ta ƙaru, har ya ga abin bai kai a sa rai a kansa ba.

Wannan duka bai sauke wa mai babur nasa nauyin ba, domin in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Da yawa daga cikinmu makullin kai kaɗai muke dogara da shi, alhali wannan makulli ɗan ƙaramin ƙarfe ne da mai ƙarfi ke karyawa da murɗa ɗaya. Tsohon babur kuwa, makunninsa ya riga ya cinye har kusan kowane mabuɗi yana buɗe shi, in ma bai buɗe ba, haɗa waya biyu ya isa a tayar da inji. Abin da ɓarawo ke tsoro shi ne ɓata lokaci. Sarƙa mai kauri da kwaɗo mai kyau, a zura ta ƙafar baya ko gangar jiki a ɗaure da abin da ba ya motsi, ta fi kwaɗon da aka maƙala a ƙafar gaba kaɗai, wanda mutum biyu za su ɗaga su jefa a bayan a-daidaita-sahu. Ɓoyayyen makunni da bakanike zai sa a inda mai babur kaɗai ya sani ba shi da tsada, sai dai a zaɓi bakaniken da aka amince da shi, kada kuma a yi aikin a gaban 'yan kallo. Na'urar bin sawu tana da amfani ga wanda ke da hali, muddin ya tuna cewa layin da ke cikinta sai da kuɗi yake aiki, kuma idan ta nuna inda babur yake, da 'yan sanda ake zuwa, ba da abokai ba. Mafi arha a cikinsu duka shi ne wanda aka fi sakaci da shi: mutum ya durƙusa ya ɗauki hoton lambar gangar jiki da ta inji, ya ɗauki hoton rasit, ya tura wa wani ɗan'uwansa ya ajiye. A tambayi masu babura goma a kowace majalisa lambar injinsu, a ga nawa za su iya nunawa. Rundunar 'yan sandan Kano takan sanar da cewa ta ƙwato babura, ta ce masu su su zo hedikwatarta da ke Bompai da shaida, amma wanda abin da ya sani game da babur ɗinsa shi ne ja ne kuma madubin hagu ya fashe, da me zai karɓa? Shi ya sa ake ganin babura jibge a harabar ofisoshin 'yan sanda, rana da ruwa suna cin su.

Masu cewa tsaro na Allah ne sun faɗi gaskiya, amma wanda ya zo wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana tambaya ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, amsar da ya samu ita ce ya ɗaure ta sannan ya dogara. Malaman fiƙihu ma ba su zartar da haddin sata sai an ɗauki kaya daga ma'ajiyar da ta dace da irinsu.

Maganar masallaci tana buƙatar a tsaya a kanta, domin nan ne ɓarawo ya fi samun tabbaci. Ya san lokacin da za a tayar da salla, ya san raka'a nawa ce, ya san babu wanda zai waiwayo. Manyan masallatan Juma'a da yawa sun magance wannan da 'yan agaji da igiya da kati, amma masallatan hamsu-salawati na cikin unguwa, musamman a Magariba da Isha'i da Asuba, a buɗe suke. Kwamitin masallacin da ke iya tara kuɗin man janareta da na sabon kafet ba zai gaza ware wuri guda na ajiye babura ba, mai mashiga ɗaya da fitila mai aiki da hasken rana, da mutum ɗaya da zai tsaya gadi a ba shi ɗan ihsani, ya yi tasa sallar bayan an idar. Tsarin kati na kasuwanni da asibitoci ma yana da kyau, amma sai an gyara abu guda: wanda ya karɓi kuɗin ajiya ya san amana ya karɓa, in babur ya ɓata a hannunsa akwai abin da zai biyo baya. Karɓar kuɗi tare da rubuta a bango cewa kowa ya kula da kayansa cin kuɗi ne ba aiki.

Da dare kuwa matsalar ta gine-gine ce. Mai haya a ɗaki ɗaya cikin lungun da babur ba ya juyawa ba shi da inda zai sa shi sai soron da gida biyar ke amfani da shi, wanda ƙofarsa ba ta rufuwa sai wanda ya fi kowa dare ya dawo. Unguwa tana iya samun fili ɗaya mai katanga, harabar makaranta ko wani kango da mai shi ya yarda, a mai da shi wurin kwanan babura da mai gadi da littafin shiga da fita. 'Yan sintiri suna ƙoƙari, amma kowa ya san yadda ake yi da su: a watan da aka yi sata kowane gida ya biya kuɗin wata, bayan wata biyu shiru sai mai karɓa ya riƙa jin mai gidan ba ya nan. Akwai kuma abin da ba a son faɗa. Wanda ya san soron da babur ke kwana, ya san kwaɗon da ke jiki, ya san lokacin da 'yan sintiri ke wucewa, ba baƙo ba ne. Ko ɗan unguwa ne, ko ɗan unguwa ne ya nuna masa. Sau da yawa kuma in an kama shi, iyaye da dangi ne ke cika gidan mai unguwa da roƙo a rufa asiri, a sasanta a gida, a biya rabin kuɗi. Rufin asirin da ya hana a tambayi yaro wa ya sayar wa, ba yaron ya rufa wa asiri ba, mai sayen ya rufa wa.

Wannan ne ya kawo ni ga dukan ɓarawo. Na fahimci inda fushin ya fito. Mutane suna kukan cewa sukan kai ɓarawo ofis da safe su gan shi a unguwa da yamma, suna kukan cewa mai ƙara ne ake sa ya sayi mai kafin a fita bincike, kuma muddin wannan kuka bai sami mai saurare ba, wa'azi kaɗai ba zai hana mutane ɗaukar sanda ba. Duk da haka, ko an ajiye maganar haramci da doka a gefe, dukan ɓarawo har lahira wauta ce ta fuskar neman maganin sata. Yaron da ke kwance a ƙasa shi kaɗai ne ya san sunan wanda ya aiko shi, da kangon da ake kwance kaya, da direban da ke fitar da su. Duk wanda ya kashe shi ya yi wa waɗannan mutane aikin da da kansu za su biya a yi musu, kuma ya binne baburan da aka sace a baya tare da shi. Sannan taro ba ya bincike. Baburan nan iri ɗaya ne, launi ɗaya ne, mabuɗansu sun cinye, mutum mai gaskiya yana iya kuskuren sa mabuɗi a na wani a wurin da aka jera hamsin, kuma kalma ɗaya daga bakin wani ta isa ta tara masa jama'a. Mu mutanen Kano ba ma buƙatar a ba mu labarin inda wannan ke kaiwa. A watan Maris na 2025 aka kashe mafarauta 16 a Uromi ta jihar Edo, galibinsu 'yan jihar Kano, suna hanyar dawowa gida salla, saboda wasu sun yi musu kallon masu garkuwa da mutane suka yanke hukunci a bakin titi. Wanda ya yi kuka a kan wannan ba shi da hujjar ɗaukar dutse a unguwarsa.

Abin da ya kamata unguwa ta nema a wurin 'yan sanda ke nan, kuma ta nema a rubuce, ta hannun mai unguwa da dagaci da kwamitin hulɗar 'yan sanda da jama'a: duk ɓarawon babur da aka kai, kada a rufe fayil ɗinsa sai an bi sawu zuwa ga wanda ya karɓi kayan, kuma a gurfanar da su tare. A wakilta dattawa biyu da za su riƙa bin shari'ar har kotu, domin ƙararraki da yawa suna mutuwa ne saboda mai ƙara ya gaji da zirga-zirga, shaidu kuma sun ƙi zuwa. Hukuncin mai saye guda ɗaya da aka san shi a kasuwa zai yi tasirin da kama yara ashirin ba zai yi ba, saboda shi yana da shago da suna da iyali da abin da zai rasa, kuma abokan sana'arsa suna kallo.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke jiran kasafin kuɗi ko sabuwar doka daga majalisa. Mai unguwa da limami da shugaban dillalai da na kanikawa da DPO za su iya zama a soro ɗaya su tsara shi da yammacin Asabar. Wahalar tana gaba, ranar da aka bi sawun wani babur aka tarar da shi a shagon mutumin da ya ba da gudummawa mafi tsoka wajen ginin masallaci, ko a hannun ƙanin wani daga cikin waɗanda suka zauna a soron. A ranar za a fara zuwa gidan mai unguwa da daddare ana cewa a duba zumunci, a bar maganar a gida, shi ma ai yaudararsa aka yi. Mai unguwa ba zai iya tsayawa shi kaɗai a wannan rana ba, kuma bai kamata a bar shi shi kaɗai ba. Shi ya sa tun a zaman farko ya kamata a rubuta, kowa ya sa hannu a gaban jama'a, cewa maganar mai saye ba ta sasantuwa a gida ko ɗan wane ne, sannan liman ya karanta takardar bayan sallar Isha'i, a liƙa kwafinta a ƙofar masallaci da rumfar dillalai.